Masu Kiran Kinako

Kuramochi bai gama shayin safe ba baƙin farko suka iso. 'Yan mata biyu ne daga Osaka, kowacce da waya a hannu, suna gwada hoton da ke ciki da ƙofar gidansa. Suka tafa, suka ɗaga murya tare: "Kinako, dawo gida!"

Haka ake yi tun da aka nuna wani fim ɗin zane, wato anime, a talabijin. An zana tudun garin Onomichi kaf a cikinsa, matakalai da layin dogo da jiragen fito, amma wurin da ya sa mutane hawaye shi ne ƙofar Kuramochi, inda jarumar ke tsayawa tana kira har muryarta ta dushe. Duk mai ziyarar wuraren fim ɗin sai ya tsaya nan ya yi kiran. Abu ɗaya ke ba su haushi: ko sun yi ɗage, ko sun ɗaga waya sama da kai, hotonsu ba ya dacewa da zanen. Kamar daga sama aka hango ƙofar.

Kuramochi bai taɓa kallon fim ɗin ba. Mutum ne da ba ya ƙaunar komai kamar shiru. Lokacin da yake shugaban unguwa ya hana yara ƙwallo a lungu, ya sa wata tsohuwa ta cire 'yar ƙararrawar da ke kaɗawa a barandarta. Benen da ke fuskantar gidansa ya daɗe a rufe, kuma yana ganin wannan nasara ce tasa. Yanzu barci ya gagare shi, likita na maganar hawan jini.

Da ƙorafinsa ya yi yawa, kamfanin da ya yi fim ɗin ya aiko Mizuhara, shugabar masu zana wurare. Ta ɗan ɗaga ƙyauren gidan mai cijewa kafin ta tura shi, ta rusuna, ta miƙa kwalin alewar wake, irin wadda yake so.

"Baba, mun shiga haƙƙinku. Ku gafarce mu."

"Ba haƙuri nake nema ba, 'yar nan. An ce za ku yi kashi na biyu. Ku cire ƙofata. Wai ma wace ce Kinakon nan? Ba ta da iyayen da za su neme ta sai ni?"

"Na yi muku alkawari, ƙofarku ba za ta sake fitowa ba."

Ladabinta ya sanyaya shi. Ya zaga da ita lambun baya: gansakuka, ɗan tafki, bishiyar kaki, dangin kanya, a kusurwa, gajeren shingen gora, bayansa matakalar da kowa ke bi.

"Nan kaɗai ya rage mini," in ji shi.

"Har yanzu matakalar nan tana kaiwa tasha?"

"Ina za ta je?"

Ta daɗe tana kallon gindin bishiyar, ba ta fito da takardar zane ba. Sannan ta sake rusunawa, ta tafi.

Ta cika alkawari. Ƙofar ba ta fito a kashi na biyu ba. A ƙarshensa ne jarumar ta leƙa ta kan wani gajeren shingen gora, ta ga Kinako kwance a gindin bishiyar kaki, ba numfashi.

Kafin mako ya zagayo matakalar ta cika. Ba su daina kira a ƙofa ba, sun dai ƙara sabuwar al'ada: kowa ya ɗaura 'yar ƙararrawa a shingen, irin wadda Kinako ke yawo da ita. Kuramochi ya yanke da safe, yamma ta yi an ɗaura wasu. Iskar teku kuwa ba ta hutu. Da kaka aka ga motar kwasar kaya a gindin tudu.

Ranar da ya tashi, an buɗe tagar benen da ke fuskantar gidansa. Mizuhara ta ɗaga waya, ta gwada zanenta da ƙofar. Ya dace daidai. Daga wannan tagar ce, tana 'yar firamare, ta ga shugaban unguwa ya buɗe ƙyauren da kwanon nama a hannu, yana kiran 'yar karyarta mai yawan haushi, Kinako, ta shiga tana kaɗa wutsiya, ba ta sake fitowa ba.