Dashen Lemo a Ƙofar Gida

Ke Hansatu, miƙo min angon nan nawa, ki share hawaye ki zauna. Dubi cikinsa, ya kumbura kamar ganga, ga zawo tun da aka fara ba shi abinci, wai an ce miki haƙori ne. Haƙori a baki yake tsirowa, jikata. Ni ban yi boko ba, amma na goyi nawa na goyi na wasu, kuma na san gidan da aka kai ki. Gidan yawa ne, gidan mutanen kirki. Wannan ta lasa masa miyar kuka, waccan ta gutsura masa ƙosai, uwar mijinki ta ɗura masa fura, ke kuma kina gefe kin sunkuyar da kai, wai kunyar ɗan fari. To buɗe kunnenki.

An yi wani manomi da mahaifiyarsa ta rasu ta bar bishiyar lemun zaƙi a tsakar gida. Da aka raba gado bishiyar ta faɗa rabon wani. Shi kuwa sai ya tono 'yan tsirai biyu da suka fito a gindinta, da ƙasarsu da komai, ya dasa a ƙofar gidansa, nan inda dattawan unguwa ke shimfiɗa tabarma. Mutumin na kowa ne, kuma babu wanda bai sha lemun tsohuwar ba, don haka kowa ya ɗauki dashen nan nasa ne. Liman in ya idar da alwala sai ya juye musu sauran ruwan buta. Maƙwabci mai shanu ya kwaso ɗanyen kashinsu, da ɗuminsa, ya tula a gindi. Matan gida su aiko da ruwan wankin gero, wata tsohuwa ta zo ta zuba toka wai maganin gara. Surukinsa, uban matarsa, in ya dawo daga rijiya sai ya tuttule musu guga guda. Babu mugu ko ɗaya a cikinsu.

Ganye ya fara yin rawaya yana langaɓewa. Dattawa suka hango daga kan tabarma suka ce ƙishirwa ce, a ƙara ruwa. Manomin kuwa shi ne kullum da safe yake durƙusawa ya cusa yatsa cikin ƙasar, ya ji ta caɓa-caɓa, ya sansana ya ji tsami. Ya san saiwa ce ke ruɓewa. Amma da wane baki zai ce wa liman ya riƙe butarsa? Da wane ido zai dubi suruki ya ce ya mayar da gugansa? Sai dai ya rusuna ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba." Yana cikin godiyar nan dashe ɗaya ya mutu. Da ya taɓa shi sai ya zare kamar tsinke daga cikin tuwo, saiwar ta yi baƙi tana wari.

Ranar bai je gona ba. Ya shiga jeji ya saro ƙaya ya kewaye wanda ya rage. Ya ɗauko tsohuwar randa ya girke a wajen shingen, ya haƙa rami a gefenta. Da dattawa suka taru ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya ce, "Iyayena, ɗan nan naku ne, amma cikinsa ƙarami ne. Mai ruwa ya zuba a randa, mai taki ya zuba a rami, ni zan riƙa ba shi da sunanku." Surukin ya tsuke fuska ya ce, "Yau kuma mu za a koya wa dashe?" Ya daɗe yana amsa gaisuwa ciki-ciki. Manomin ya shanye. Ya bar ƙasa ta sha iska, sai ta bushe yake ba ta ruwa, shi ma da ƙoƙo. Takin kuwa sai da ya huce a rami ya koma baƙar ƙasa, sannan ya barbaɗa kaɗan. A hankali sabon toho ya leƙo, kore shar. Shekarar da lemon ya fara 'ya'ya, surukin da kansa ke zama da sanda yana korar awaki, yana gaya wa baƙi, "Ruwana ne ya raya shi." Kuma ba ƙarya ya yi ba.

To ke ce randar, Hansatu. Duk wadda ta miƙo ƙosai, ki sa hannu biyu ki karɓa, ki cinye a gabanta, ki ce zai same shi a nono. Shi kuwa kunu ɗaya tak, tatacce mai ruwa-ruwa, a wankakken kofinsa, kaɗan-kaɗan. Sai cikinsa ya karɓa kafin ki gwada masa wani abu, kuma kar ki rage masa nono. Zawon nan kuma yafa mayafinki mu kai shi asibiti a duba, ba na wasa da yaron da ruwan jikinsa ke tafiya. Uwar mijinki za ta yi fushi, ta yi. Fushin kaka ba ya wuce dariyar jika. Su a wanke suke karɓarsa, an shafa masa hoda an zizara masa kwalli. Ke ce mai wanke zanen goyonsa, ke ce kike jin yadda yake murɗewa a bayanki. Shi ya sa masu iya magana suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.