Mai Gyaran Famfo da Ƙofar Zuciyarsa

Kai Ilu, da aka sallamo ka daga asibiti shekaranjiya har kake bugun ƙirji wai ka warke sarai, gyara zama ka ji wannan.

An yi wani mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa a garinmu, Tanimu, gwani ne amma ga faɗan tsiya. Kunnensa ne jarinsa. Ya kara shi a jikin bututu, a tuƙa sau uku, sai ya faɗa maka abin da ya lalace a can ƙasa. Wata rana yana tsakiyar aiki ciwon zuciya ya kayar da shi, aka kwashe shi ranga-ranga sai asibiti. Allah ya sa da sauran shan ruwa. Da za a sallame shi, likita ya ja masa kunne: in ya ji numfashi na yi masa wuya, ko yaya ne, ya dawo a ranar, kada ya jira gobe. Tanimu ya koma gida ya yanka rago sadaka, unguwa ta ci ta yi nak, masu barka da arziki suka yi ta tururuwa har daga ƙauyuka. Kowa ya zo amsar Tanimu ɗaya ce, ai ya warke garau.

Ana gama cin ragon numfashi ya fara sarƙe masa. In ya yi sujada sai ya ji kamar an danna kansa cikin randa. In ya kishingiɗa bayan azahar, tari ya tashe shi zaune. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, amma kunya ta fi tsoron ƙarfi. Da wane ido zai dubi mutanen da suka ci naman warkewarsa a ce an sake ɗaukarsa? Matarsa Ladidi ta tambaya, ya ce mura ce, ya haɗa mata da harara. Wai shi namiji!

A rana ta huɗu famfon bakin masallaci ya ƙi kawo ruwa, aka zo kiransa. Ya fita yana tsayawa bayan kowane taku goma, yana fakewa da gaishe-gaishe. Ya kara kunne, aka tuƙa, sai ya ji shuuu, ruwan da ya hau yana zurarewa ƙasa. Robar da ke rufe ƙofar ruwan ce ta yage. Nan take halin ya motsa, ya juya kan dattawan masallaci: "Tun yaushe kuke tuƙi ashirin kafin buta ta cika? Ai ya daɗe yana gaya muku! Kuka yi gum, kuna ta ƙara masa ƙarfi, sai ya mutu murus sannan..." Numfashi ya ƙare masa kafin maganar ta ƙare. Ya dafa bututun, gumi na tsiyaya, ƙirjinsa na gurnani. Faɗan da ya yi wa mutane ya dawo kansa, don shi ma abin da yake yi ke nan. A gaban waɗanda suka ci ragon nan ya ce, "Ku mayar da ni asibiti. Kwana huɗu ke nan ina yi muku ƙarya."

Likita ya kara abin saurarensa a ƙirjin Tanimu. Ya ce ciwon farko ya lalata naman da ke riƙe da wata ƙofa a cikin zuciya, yanzu ƙofar ba ta rufuwa, jini na komawa baya, huhu na cika da ruwa. Tanimu bai nemi ƙarin bayani ba, shekara talatin yana gyaran irin wannan ɓarnar a cikin rijiyoyin mutane. Aka garzaya da shi babban asibiti aka yi masa aiki, ya sha da ƙyar da jiɓin goshi. Amma zuciyar ta riga ta galabaita, bai ƙara ɗaga bututu ba har ya bar duniya. Likitan ya ce da ya ƙara kwana ɗaya a gida, da masu barka sun dawo ta'aziyya.

To, tun ɗazu nake jin yadda kake jan numfashi tsakanin kalma da kalma. Tashi ka sa takalminka mu tafi. Hausawa sun gama magana: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.