Gorar Cikin Bango

Masu aikin sabon titin kwalta suka tayar da nakiya a dutsen bayan Kangire, ƙasa ta girgiza. Wata tsohuwa tana tsakar gida tana dama kunu. Da ta ga katangar maƙwabta ta kife, sai ta yar da ludayin, ta ruga ɗakin da surukarta mai jego take kwance da jaririya.

Bangon ɗakin ya tsage daga sama har ƙasa, ya karkato kamar zai faɗi, amma ya tsaya. Surukar ta fito rungume da 'yarta, ko ƙwarzane babu.

"Inna, me ya tare shi?" ta tambaya.

Tsohuwar ta leƙa tsagar. A cikin jar ƙasar akwai gora a jere, an ɗaure ta tam da igiyar kaba kamar saƙar zana. Sai ta tuna. Marigayi mijinta ya je Gana fataucin goro yana saurayi, ya ga girgizar ƙasa ta rusa gidaje a kan mutane. Da ya tashi gina ɗakin nan, ya jera gora a cikin bangon, 'yan unguwa suka yi ta yi masa dariya, wai yana tsoron abin da ba a san shi ba a ƙasar Kano.

Ta dafa gorar, hawaye na zuba.

"Allah ya saka maka da Aljanna, Malam," ta ce. "Ba ka ga jikarka ba, amma yau kai ka riƙe mata bango."