Furanni Ruwan Ɗorawa

Ana dab da ɗaga labulen dandalin wasan kwaikwayo, Evaristo ya shigo ɗakin kwalliyar Amparo, zobe a aljihu, furanni ruwan ɗorawa a hannu. Ta hango su ta madubi, jan-baki ya tsaya mata a hannu.

"Fitar min da su."

"Haba Amparo, aurenki na zo nema. Kin yi fim, kin yi suna, ki bar wasan nan haka mana."

Ta juyo a hankali. Kaf birnin Buenos Aires an san launin ruwan ɗorawa ranar buɗe wasa mugun abu ne a camfin 'yan wasa, kashe wasan yake yi. Evaristo kuwa a bayan labule ya girma, ubansa ke jan igiyar.

"Da baƙo ne kai, da dariya zan yi," ta ce. "Ka sani sarai. So kake a yi min ihu yau, in fito ina kuka in faɗo hannunka."

Ya sunkuyar da kai, bai musa ba.

Ta miƙe ta buɗe masa ƙofa. "Kujerarka na nan a layin gaba. Je ka zauna, ka ji tafin da ka zo kashewa."