Hasken da ke Kwalbar Kande

Tun da aka fara adana haske a kwalba, kowace mai takaba tana da tata. Ta Kande, naɗe cikin baƙin ƙyalle, tana riƙe da hasken da ya sauka a fuskar mijinta safiyar da ya rasu. Muddin ba a leƙa ba, yana ta kaɗawa kamar ruwa a tulu. Kallo ɗaya ake samu: a ga fuskar, hasken ya zube ƙwaya-ƙwaya kamar gero, shi ke nan.

Ranar fitar takaba 'yarta Uwani ta ce, "Inna, yau fa ake buɗewa. Mata na jira."

Kande ta kara kwalbar a kunne, ta lumshe ido.

"Su jira. Shekara arba'in ina kallon babanku. Zo ki ji, har yanzu yana motsi."