Karatun Kofur Babayo

Kofur Babayo ya share ƙasa da tafin hannu, ya sake zana harafin da tsinke. Ƙafarsa mai gyambo tana miƙe a kan tabarma, ƙudaje sai zuwa gaishe ta suke yi.

Ganimar da ya kawo Katagum daga yaƙin ƙasar Bama ke nan: ciwon ƙafa, da harafi ɗaya tak na rubutun mutanen Sin.

"Duba nan, Husaina," ya ce wa matarsa. "Ɗigo huɗun nan na ƙasa, wuta ce. Ma'anarsa a bar tukunya ta dahu a hankali, a jure. Wani sojan Sin ne ya koya mini, shi ma da irin ciwon nan nawa a cinya."

"Sannu da ilimi, Malam. Wata uku kana koya mini, ƙafar kuma ta kusa kai turmi. Don Allah mu je asibitin Azare."

"Asibiti na ragwaye ne. Mutumin nan sau uku likita yana nemansa, yana ƙi. Ko tsaki bai yi ba har ƙarshe."

Husaina ta dakata da tankaɗen da take yi.

"Ƙarshen me?"

Babayo ya ajiye tsinken. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa.

"Ranar wata Laraba muka binne shi," ya ce a hankali.

"Allah sarki. To, mu ci gaba da karatu."

"Ke, bar surutun nan. Je ki aro mana jaki."