Kilishinmu Ne a Sama

Sunan shagon mahaifinta ne ya fito ɓaro-ɓaro a allon, sai dariya ta nemi kuɓuce mata a cikin takunkumi.

Taron masana tallar intanet ne, na farko tun da korona ta rufe gari. Daga unguwar Briqueterie a Yaoundé ta hau tasi, ta lallaɓa ta zauna can baya, rabin kalmomin da ake jefawa ba ta san su ba. Mai jawabi, ƙwararre daga Douala, ya rubuta "kilishi Yaoundé" a Google don ya nuna shafin wani shagon kilishi da ya gyara. Shagonsu ne a sama, nasa na huɗu.

"Wane kamfani ya yi musu wannan aiki?" ya tambaya.

Ta miƙe tsaye.

"Ni ce, Monsieur, da wayata. Da kasuwa ta mutu, sai na riƙa sa sunan a shafinmu yadda masu saye ke rubuto mana, kilichi, klishi, har da kuskurensu."

Zauren ya kaure da tafi. Mutumin ya tako har baya, ya miƙa mata makirufo, ya zauna a kujerarta, ya buɗe littafi.

"A hankali, Madame, ina rubutawa."